Ɗabaƙoƙin Masu Saita Sitiyari a Dutse

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, sa'an nan jami'ar tarayya ta sauka cikinta a 2011, garin ya tara samari masu yalwar lokaci da ƙarancin kuɗin mai, don haka ba abin mamaki ba ne su sami mafaka a gidajen wasan kwamfuta, inda mutum kan keta laka da dusar ƙanƙara alhali bai ɗaga daga benci ba. Wasan da nake nufi shi ne na tseren daji, irin DiRT Rally da kamfanin Codemasters na Ingila ya fitar a 2015. Amma kafin taya ta motsa akwai sharaɗin saita sitiyari da matakan ƙafa, kuma a nan ne ɗabi'un 'yan Adam suke bayyana.

Na farkonsu ma'abocin waswasi ne. An ba shi Logitech G29, mai juyawa digiri 900, da totur da birki da kuloci, komai lafiya lau, amma zuciyarsa ba ta natsu ba: ya rage juyin zuwa 540 don an ce haka direbobin gasa suke yi, ya taka birki ya duba allo, ya ce akwai shubuha, ya koma farko, kamar mai alwalar da ke shakkar ko ya shafi kai, har kuɗin awarsa ya ƙare motar tana bakin layi. Maƙwabcinsa mai taƙlidi ba ya wahalar da kansa, ya kwafo lambobin wani gwani na Finlan a bayan takardar jarrabawa, kuma ko sun jefa shi rami ba zai sake ko ɗaya ba, domin a mazhabarsa ba a jayayya da magabata.

Wanda ya fi cancantar a tsaya kansa shi ne mai ijtihadi, wanda ya tsinto sandar tuƙin jirgin sama da matakanta cikin kayan gwanjo a Kano, ya rantse da su zai yi tsere. Su kuwa matakan jirgi a haɗe suke, in ka tura na dama na hagu ya dawo maka, don an yi su ne saboda karkata wutsiyar jirgi. Da ya ɗora totur a kansu, sai mota ta riƙa tafiya da kanta alhali matakan na tsakiya, da ya juya lissafin kuma, sai birki ya zama wuta. Ya shafe yammaci yana ƙiyasi, zufa na ɗiga kan sandar, kuma duk sa'ad da motar ta doshi bakin kwazazzabo sai ka ga ya fizgo sandar baya da iyakar ƙarfinsa, da fatan ko Allah zai sa ta tashi.

Akwai kuma direban haƙiƙa, wanda ya tsufa a layin Dutse zuwa Kano ta Kwanar Huguma, ƙaninsa ya jawo shi don ya kunyata yara. Shi ba ya saita komai, hon kawai yake lalube. Da muryar mataimakin direba ta cikin wasan ta fara karanto masa kwanoni, hagu uku, dama shida, sai ya ɗaure fuska ya ce: “Wane ne wannan yaron mota mai koya mini hanya?” Ƙanin ya ce: “Yaya, ka rage wuta, ɗaya ita ce kwana mafi tsanani.” Bai rufe baki ba motar ta rungumi itace, Yaya kuwa ya yanke hukunci cewa sitiyarin da ba ya wasa ba sitiyari ba ne.

A bayansu duka, jingine da bango, muftin gidan yake tsaye, bai taɓa biyan ko sisi ba, amma babu mas'alar da ba shi da fatawa a kanta, daga ƙarfin girgizar sitiyari har zuwa gasar Paris-Dakar da ta riƙa ratsa Agadas. Ran da mai gida ya gaji ya miƙa masa kujera kyauta, sai ya duba agogo, ya ce la'asar ta kusa, ga shi kuma an aike shi Shuwarin.