Masu Waya a Kejetia

Wanda ya ratsa kasuwar Kejetia da hantsi zai rantse wayoyi sun fi mutane yawa, amma kowa da irin riƙonsa.

Alhaji mai goro har yau bai yarda waya za ta kai murya Kano ba sai an taimaka mata. In ya kira dillalinsa, har direbobin tasha sai sun ji kuɗin huhu. "Kana ji na? To ni ba na jin ka!" Sai a sake gaisuwa daga farko: iyali, gajiya, damina. Kati ya ƙare ba a zo kan goro ba.

Hajiya mai atamfa kuwa ba ruwanta da rubutu, saƙon murya a WhatsApp ya raba ta da roƙon jikoki. Ta kwantar da wayar gaban baki, ta danna, ta fara ba 'yarta da ke Amurka labarin bikin da aka yi a unguwar Aboabo. Mai saye ya tsaya, ta juya da Asantanci ta yi ciniki, ta kira mai koko, ta daka wa yaron shago tsawa, yatsa na nan kan waya. Yarinya ta tashi da asuba ta tarar da minti tara, rabinsu "ba ragi" ne.

Akwai mai layi uku, MTN da Telecel da AT, ya haddace garaɓasar kowanne, har ta tsakar dare. Duk da haka filashin yake maka, sau biyu, wato ka kira da gaggawa.

Gwanin su duka shi ne wanda ake bi bashi. Tun da MoMo, hanyar tura kuɗi ta waya, ta zo a 2009 ya samu amsa: "Na tura, sabis ne." Da aka sa harajin E-Levy kan tura kuɗi ta waya a Mayun 2022, ya gano sidi 100 na farko a kowace rana ba a taɓa su, sai ya ce zai riƙa biya ɗari-ɗari, wai tausayin mai kuɗin yake ji. An soke harajin a Afrilun 2025. Yanzu sabis ya sake lalacewa.

Sai mai neman caji, wanda zai shigo rumfarka da sallama mai tsawo, yana tambayar lafiyar Baba, idonsa na bin bango. Kafin ka amsa, ya zare taka ya sa tasa.