Yadda Za Ka Haɗa Kwamfutar Wasa da Kayan Hannu Ba Tare da Jininka Ya Hau Ba

Ba zan ɓata maka lokaci da bayanin inda ake cusa RAM ba. Tunda kake karanta wannan, ka riga ka tambayi kuɗin sabon katin girafik, an faɗa maka, ka yi salati ka juyo gida. Ni ma satin nan na fito daga wannan wahala.

Na ɗaya, nemi tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex ko HP da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Mai Core i5 zubi na huɗu, wato 'yan 2013, har yau tana jan GTA V idan ka kai RAM giga 16 ka sa mata SSD da katin girafik. Amma ka ɗauki mai babban akwati. Siririyar nan mai kyau a ido, cikakken kati ba ya shiga cikinta, kuma ba ka gane haka sai bayan isha'i, kasuwa ta tashi, murfi ya ƙi rufuwa.

Na biyu, katin girafik. A nan zan zauna, domin a nan ake cin mutane.

Za a miƙo maka RX 580 mai giga 8. Kati ne mai kyau, tun 2017 yake. Sai dai masu haƙar kuɗin intanet sun saye irinsa tuli, suka bar su a kunne dare da rana shekara da shekaru. Da Ethereum ta daina tsarin haƙa a watan Satumba na 2022, katunan suka malalo kasuwannin duniya, har suka iso mana. To amma ka tambayi mai shago. "Yallaɓai, wannan wani yaro ne ya ɗan yi wasa da shi wata biyu, babansa ya ƙwace saboda jarrabawa." Ka matsa shago na gaba, nan ma yaro, nan ma jarrabawa. Jama'a, yaran nan su nawa ne? Ba hana ka saye nake yi ba, da yawansu suna da sauran rai. Gaskiya kawai nake so a faɗa wa mutum, ya san abin da ya ɗauka da kuɗin guminsa.

Ka ce a gwada. Za a ce, "Babu wuta, amma jiya na kunna shi." Wallahi wannan jimla ta fi komai ƙona mini rai. Ka ciro kuɗin fetur, a tayar da janareto. Kada ka yarda da hoto ya bayyana a allo kawai, ko katin da ke gargara yana iya wannan. A sa wasa mai nauyi na minti 20, ka kasa kunne ga fanka ko tana ƙarar gurza, ka zuba ido ko koren ɗige-ɗige zai fara yawo a allon. Ka tafi da manhajar GPU-Z a filashinka, kyauta ce, domin akwai GTX 1050 Ti na jabu da aka yi da tsohon GTS 450 na 2010 aka sauya masa suna. Idan mai shago ya ɓata fuska da ganin filashin, ka yi masa sai an jima.

Na uku, akwatin wuta. Na kwamfutar ofis yawanci bai kai wat 300 ba, alhali RX 580 shi kaɗai yana shan kusan 185, kuma yana son tasa wayar mai baki 8. Ko dai ka tsaya ga GTX 1050 Ti ko 1650, waɗanda yawancinsu ke wadatuwa da wat 75 daga bod, ko ka sayi akwatin wuta mai wat 500, ka kuma duba bakin wayarsa, don na ofis sau da yawa nasu daban ne. Ka ɗaga shi a hannu. Wanda aka rubuta wa 700 amma ba shi da nauyi ko kaɗan, ajiye. A nan araha ba ta ado, ranar da zai tafi yana iya tafiya da bod da katin gaba ɗaya.

Tunda an zo maganar wuta, bari in faɗa. Ka gama haɗa komai, ka ɗaure wayoyi, sai a kawo wutar da ko fankar sama ba ta iya juyawa. Can cikin dare kuma a turo wadda ta fi ƙarfin gidan. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni, a ƙona masa kaya cikin ƙiftawar ido, babu wanda zai ce masa sannu. Sayi sitabilaiza tun kafin ka sayi madannai masu fitilu. Idan da hali ka ƙara da UPS, ko don ka samu kashe ta cikin mutunci.

Na nawa muke? Ƙura dai. Lokacin hunturu ka buɗe akwatin ka hure shi akai-akai, kafin zafin Afrilu ya iso. Ka goge busasshen man da ke kan furosesa, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, kada ka wuce haka.

Saura wasannin kansu. Wasu sun haura giga 100, kuma ka san yadda data take. Wanda ka saya da kuɗinka, idan abokinka yana da shi, ɗauki hadis ka je ka kwafo fayilolin. Sannan ka sayi abin riƙewa biyu tun yanzu, domin kafin la'asar ƙannenka da 'ya'yan maƙwabta sun ji labari, takalma sun cika ƙofar ɗakin, kowa yana cewa, "Yaya, wasa ɗaya kawai."