MBA a Ƙarƙashin Fayil

Ma'aikacin ƙaramar hukuma a Batsari da ya ɗaura ɗamarar yin digirin MBA ya haɗa kansa da aiki. Da safe yana sakatariya, fayil a sama, littafin lissafin kuɗi a ƙarƙashi. Da shugaban sashe ya leƙo, sai ya gan shi a duƙe, har ya yaba masa da ƙwazo.

Asabar da Lahadi, jama'a na ɗaurin aure, shi yana tasha zai nufi Kano, makarantar kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero. Wanda ya yi wayo ya zaɓi karatun intanet na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, ya ga ta kansa a 2021, da aka katse layukan waya a Batsari da Safana. Kafin ya aika aikin gida, sai ya biya kuɗin mota zuwa Katsina. Wai karatu daga gida ke nan!

Ranar Alhamis ma'aikacin namu ya shiga kasuwa, ido jajir don rashin barci, ya biya mai rogo.

"Ranka ya daɗe, an ce kasuwanci kake karantawa?"

"Ƙwarai."

"To sake lissafi, saura naira 200."