Masu Zaman Benci a Gaban Kiratos

Idan ka bar babbar kasuwar Malanville ka bi lungun da ke bayan masu albasa, za ka ji hayaniya kamar ana rabon gado. Ba faɗa ake yi ba. Wani shago ne mai talabijin uku da benci biyu, inda PlayStation 2 ke mulkinta kamar ba ta san an haifa mata jikoki ba. Talabijin biyu na ƙwallo ne. Ta kusurwa kuwa ta God of War II ce, wasan da Sony ya fitar a 2007, ci gaban na 2005. Da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, yaran mota da 'yan dako suka samu hutun da ba su roƙa ba, sai benci ya cika.

Gwarzon wasan Kiratos ne, jarumin Isparta mai ƙwal kwabo, jikinsa fari fat kamar wanda hunturu ya rutsa da shi babu man shafawa. Ziyus, babban abin bautar Girkawan da, ya yaudare shi ya kashe shi a birnin Rodos, shi kuma ya taso daga lahira yana neman 'yan'uwa mata uku masu riƙe da zaren ƙaddara, don ya mayar da lokaci baya ya rama. Mutum ɗaya tak ke bugawa. Sauran goman sai kallo, kuma da ma na zaune bai ga gari ba, amma bakinsa ba ya mutuwa.

Na farko shi ne Mai Kare. Ba dabba nake nufi ba. Maɓallin nan mai kusurwa huɗu ne ake kira kare da Faransanci. Iliminsa duka bai wuce kare, kare, tiriyangil ba. Da shi ya kayar da ƙaton gunkin tagullar Rodos, da shi yake shirin zuwa har gaban Ziyus. An ba shi guduma, an ba shi mashi, ko kallonsu bai yi ba. Abin haushin, ba ka da bakin kushe shi, domin dabarar tana ci. Laifin na masu wasan ne da suka cika rumbu da makamai, alhali wuƙaƙen nan biyu masu sarƙa sun ishe ka.

A bayansa akwai Direban Baya. Bai taɓa biyan dala ɗaya ba, bai taɓa riƙe manet ba, amma duk mutuwar Kiratos shi ya hango ta. "Danna ron! Yaya, ron na ce maka!" Idan aka yi nasara, shawararsa ce. Idan aka faɗa rami, ba a ji maganarsa ba. A nan kam ina tare da mai bugawa: kyamarar wasan ba ta juyuwa, inda ta ga dama nan take nuna maka, sau da yawa kana tsalle ne da tawakkali.

Wanda na fi so shi ne Tafinta. Turancinsa na Kamba ne, Faransancinsa na tasha, amma da zarar mutanen cikin talabijin sun buɗe baki, sai ya ɗaga hannu a yi shiru. A fassararsa Ziyus wani Alhaji ne da ya cinye gadon marayu. Ranar da uwar ƙattan cikin wasan, wadda ta ceto Kiratos daga lahira, ta bayyana aka ji sunanta Gaya, Tafinta ya miƙe tsaye ya nuna ƙetaren kogi. "Ban gaya muku ba? Dangin uwarsa 'yan Gaya ne!" Wani Badande ya ce shi ya sa yake da taurin kai. Wani mai kwalekwale ya ce in haka ne, me ya kai shi hawan doki mai fukafukai, ya zo a tsallakar da shi a farashin gida. Sai dai kuma, da Atina, wata abar bautar Girkawan, ta tare wa Ziyus takobin Kiratos da jikinta, tana gargarar mutuwa ta shaida wa Kiratos cewa Ziyus ubansa ne, Tafinta bai ƙara gishiri ba. Ya faɗa yadda take, shagon ya yi tsit. Wani ya ce, "Ashe rikicin cikin gida ne." Labarin da zai rufe bakin yaran mota, a sara masa.

Sai Ustazu. Ya shigo ne neman ƙaninsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana a'uziyya: gumaka, jini, ga wasu mata a gidan wankan Rodos waɗanda mai shago ke sa a wuce su da gudu. Ya ce minti biyu zai yi. Da la'asar ta yi ya tafi masallaci, ya dawo ya tambayi inda aka kwana. Yanzu fatawarsa ta sauya: tunda mutumin nan aikinsa karya gumaka ne, to akwai abin dubawa. Ƙanin nasa dai ya daɗe da komawa gida.

Mai shago shi kaɗai ne ke ƙaunar wuraren da kowa ya tsana, inda faɗa ke tsayawa a koma tura dutse da juya marfi da neman ƙofa. Yaro na zufa yana zagaye ɗaki ɗaya, shi yana kallon agogo yana murmushi. Ya san hanyar sarai. Tambaye shi ka ji: "Ƙanena, ƙara dala ashirin mu gani."

Ba zan ɓata tawada a kan yaron da ya goge katin ajiya ba. An yafe masa, amma ba ya shiga lungun.

Akwai kuma Ɗan Kwatano, wanda ya yi wata uku a bakin teku ya dawo da raini. Shi ya ga God of War Ragnarök na 2022 a PlayStation 5, inda Kiratos ya tara gemu, ya koma ƙasar ƙanƙara da ɗansa Atiriyos, yana fama da Odin da Tor. Ya ce namu wasan yara ne. Da aka matsa masa, sai ya amsa cewa a can ba ka gama kallon matsala ba abokan tafiyarka sun faɗa maka mafita. Ashe Direban Baya suka ɗauka aiki suka saka a cikin na'ura. Direban namu ya ji haka ya ce a nemo masa lambar kamfanin.

Ranar da Mai Kare ya kai ƙarshe, har masu ƙwallo sun ajiye manet. Kiratos ya tattaro ƙattan, ya ɗare bayan Gaya, suka fara hawa dutsen Olimfos don su iske Ziyus. Kowa ya gyara zama. Sai rubutu ya fara hawa sama. Shi ke nan. Ziyus na nan da ransa, ragowar faɗan yana cikin kashi na uku, na 2010, wanda ya fito a PlayStation 3. Tafinta ya ce an rufe boda ne. Don Allah, duk mai sauka Kwatano da lodin albasa, ya taho mana da ita ko ta hannu ce. Ustazu ya ce zai ba da dala ɗari.