Kafin mu kama mai hoto da faɗa

Mu mutanen unguwar Talladje a nan Yamai akwai mu da son hoto, wannan ba mai musu. Suna ne, ɗaurin aure ne, sallar layya ce an jera raguna a bakin wuta, ko ɗan'uwa ne za a raka filin jirgin sama na Diori Hamani da ke nan gabanmu kaɗan, kafin ka ce me, wayoyi sun tashi sama. Ɗauka ba ta ba mu wahala. Rigima tana tasowa ne ranar da aka ce a kai a wanke. Sai ka ji Hajiya ta dawo daga wurin mai hoto tana sababi, an sare mata ɗankwali, ɗaurin da ta ɓata rabin safiya a kansa. Ko kuma goggon amarya da ke tsaye a gefe, ba abin da ya rage nata sai kafaɗa da bakin mayafi. Daga nan magana ta zaga gida-gida, ta kai har fadar samari wurin shayi: "Yaron nan bai iya aiki ba."

Ni kam ina ganin muna ɗaukar alhakin yaran nan. Hoton da ke cikin wayarmu yana da siffarsa, takardar da za a wanke shi a kanta ita ma tana da tata, kuma ba ɗaya suke ba. Kamar ka kai wa tela yadin da faɗinsa da tsawonsa ba su dace da rigar da ka ce ya ɗinka ba, dole ko ya rage wani wuri ko ya bar wani wuri.

Takardar da aka fi wanke mana hoto a kanta ita ce mai santimita 10 da 15, wato kashi 2 a faɗi, kashi 3 a tsawo. Wannan awo ya girmi wayoyinmu nesa ba kusa ba. Daga fim ɗin da aka yi amfani da shi ne, mai milimita 24 da 36, wanda kyamarar Leica ta Jamus ta yaɗa tun 1925. Ita kuwa waya, yawanci idonta yana ɗaukar kashi 3 da kashi 4 ne. To, ka ɗauki hoton dangi a kwance, aka shimfiɗa shi ya cika tsawon santimita 15, tsayinsa zai kai 11 da kwata, ga takarda kuwa 10 ce kawai. Santimita ɗaya da kwata ɗin nan dole ta fita, daga sama da ƙasa. Idan na'ura aka bar wa zaɓi, rabawa take yi daidai, ba ta san hular Alhaji ba, ba ta san ɗankwali ba. In kuwa a tsaye ka ɗauka, gefe da gefe za ta ci.

Abin ya fi muni a wurin ƴaƴanmu, masu son hoto ya cika fuskar waya don ya yi kyau a WhatsApp da TikTok. Suna sa wayar a kan 16:9. Hoto irin wannan in tsayinsa 10 ne, faɗinsa ya kusa 18, ka ga kusan santimita 3 za ta tafi. Masu sa ta ta cika fuska gaba ɗaya kuwa, a dogayen wayoyin nan na yanzu, abin da za a zubar ya kusa kashi ɗaya cikin uku na hoton. Kuma wa ke tsayawa a gefe in ana hoton biki? Dattijan da ba sa turereniya, da maƙwabciyar da ta kwana tana girki ta zo daga baya, da baƙon da ya taso daga Doso ko Maraɗi yana jin nauyin kutsawa tsakiya. Su ne ake yankewa. Mu kuwa mun san yadda zuciya take. Wadda ta buɗe albam ba ta ga kanta ba, ba za ta ce awon takarda ne ba, cewa za ta yi an cire ta da gangan, kuma ƙaramin abu irin wannan yana iya sanyaya zumunci.

Masu hoto na da can ba su sha wannan matsala ba, saboda kafin su danna sun riga sun san takardar. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, fim ɗinsa kansa santimita 13 da 18 ne, yana ɗora shi kai tsaye a kan takarda, abin da ya ɗauka shi ke fitowa ba ragi. A nan Yamai ma mun yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar garin nan a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Irin waɗannan mutane su ke jera jama'a da kansu, a ce wa wannan ya matso, wancan ya zauna. Yanzu kowa mai hoto ne, ba wanda ke tunanin takarda sai an je bakin shago.

Akwai dabarar da wasu ke yi wadda ni ban yarda da ita ba ko kaɗan, wato a ja hoton da ƙarfi ya cika takarda don kar a yanke komai. Sai amarya ta fito da faffaɗar fuska, ko ango ya yi tsawon da ba nasa ba. Wannan ɓata kamannin mutum ne, kuma jikoki da wannan fuskar za su san shi. Gara a bar farin gefe. Hoton waya a kwance in aka sa shi dukansa cikin 10 da 15, farin da zai rage bai kai santimita ɗaya a kowane gefe ba. Mu ne muke raina shi, muna cewa an ci kuɗinmu ba a cika takarda ba, alhali shi ne ya ceci goggo. Wanda kuma ba ya son fari sam, ya tambaya ko akwai 15 da 20, ko 30 da 40, don su awonsu ɗaya ne da na waya. Ko 13 da 18 ma da sauƙi, rabin santimita kawai ke fita. Amma 20 da 30, wadda muke so don sa wa a gilashi a rataya a falo, yankanta ɗaya ne da na 10 da 15.

Sai kuma ɗabi'armu ta "turo mini ta WhatsApp". Hoto ya tashi daga wayar wanda ya ɗauka, ya bi ta rukunin dangi, wata ta sa a status, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, shi ne za a kai a ce a yi babba. Hoto ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma don ya fito tas ana son kimanin 300 a kowane inci. Takardar 10 da 15 tana son 1200 da 1800, ita kuwa 20 da 30 tana son ninkin haka a kowane gefe. Waya mai megafiksel 12 tana ba da kusan 3000 da 4000, ya isa har da saura. Amma WhatsApp yana matse hoto, sau da yawa tsawonsa ba ya wuce 1600. A ƙaramar takarda zai wuce, a babba sai fuska ta yi dishi-dishi. Tun 2023 sun sa maɓallin HD, ya rage ɓarnar, sai dai abin da ya fi shi ne a tura hoton a matsayin takarda, wato dokima, ko a je da wayar da ta ɗauka a kwashe ta manhajar Xender ko ta igiya.

Hoton dosiye kuwa kar ma a fara yanko shi daga hoton biki. Bizar ƙasashen Turai tana son santimita 3.5 da 4.5, ta Amurka 5 da 5, kowace da girman kan da take so. A je a zauna a ɗauka sabo.

Don Allah maƙwabta, biki na gaba wanda aka miƙa wa waya ya duba ta tana kan 4:3, ya ja baya taku biyu, ya bar fili a saman kawuna da kuma bayan mutumin ƙarshe na kowane gefe. In an je wanki kuma, kar a ajiye a tafi. A tsaya a ce wa mai hoto, "Ɗan'uwa, nuna mini inda za ka yanke kafin ka fitar," a ƙirga mutane a kan allon kwamfutarsa, sannan a biya.