Neman Ciki da Falo a Kafanchan

Ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki zuwa Kafanchan yakan sauka tasha da takarda a aljihu: Takau, Aduwan, Katsit, Garaje, Bayan Loko, kowace unguwa da kuɗin hayarta a gefe. Ƙarfin gwiwarsa shi ne mafi ƙarancin albashi a Jihar Kaduna ya koma naira 72,000 a 2024. Kash, masu gidaje sun riga shi jin labarin a rediyo.

A Bayan Loko, unguwar da ta ci sunanta daga ma'ajiyar kawunan jirgin ƙasa, dillali zai rantse: "Yallaɓai, nan ba hayaniya." Bai yi ƙarya ba. Garin ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, amma jirgin da zai tashi mutum daga barci ya daɗe da yin ritaya. Rijiyar da dillalin ya ce "ba ta ƙafewa" kuwa, guganta ya bushe ƙamas, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Sai ma'aikacin ya gudu wajen gari, hanyar Kagoro, inda ɗaki ke da sauƙi. Rarar da ya lissafa, ɗan acaɓa ke karɓewa safe da yamma.