Wa Ya Yi Wa Gonar Taubashina Sammu?

Ranka ya daɗe Sarkin Noman baka, taubashina na Ɗandume. Labari ya iske ni har Zariya cewa ka zauna a kasuwar hatsi, ka kishingiɗa kan buhun masarar wani (naka ai bana ba su kai a jingina da su ba), kana rantsuwa maƙwabcinka ne ya yi wa gonarka sammu. Na aiki yaro ya tambayo mini shaidarka. Ya dawo ya ce wai mutumin ya taɓa tsayawa bakin gonar da la'asar, ya ce "kai, masara ta yi kyau," bai ce tubarkalla ba.

Ko gaban alƙali ka je da wannan, sai ya tambaya ko ka karya kumallo. Mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma dole shaidar ta nuna ta inda ɓarawo ya shiga.

Ni kuwa na shiga gonar, ranar da na zo suna. Masara ta tsugune iya gwiwa, ganye ya yi rawaya ya naɗe kamar an yi wata ba ruwa, alhali ƙasa jiƙe take sharkaf. Tsakanin kunyoyi sai furanni masu ruwan hoda, gwanin sha'awa, har ƙaramar 'yarka ta tsinko tana sawa a kitso. Na ari fartanya na tono gindi ɗaya, sai ga saiwar wuta-wuta manne da ta masara kamar kaska a kunnen kare. Ga mayyarka nan, Sarki. Kada ka ji kunya sosai, Turawa ma ciyawar mayu suke ce mata, ka samu 'yan uwa.

Bari in karanta maka yadda take cin amanarka. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, gindi ɗaya kan zubar da dubun-dubata, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsira sai ya ji ɗanɗanon wani sinadari da saiwar dawa, gero ko masara ke fitarwa. Da ya tsiro sai ya kama saiwar ya yi ta tsotso a ɓoye. Kafin ka ga fure, aikin gama ya gama. Kai kuma shekara nawa kana jera masara a fili guda, takin ma sai ka ga dama? Sannan ka bari sai ta yi 'ya'ya ka tuge, ka jibge a kan iyaka. Wato kai ke yi mata shuka da hannunka.

Abin da ya fi ba ni dariya, a saiwar auduga masana a Amurka suka fara gano wannan sinadari, a 1966. Auduga takan yaudari irin ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu da yunwa. Haka waken suya. Kakanninmu da ke kai auduga Funtuwa suna juya gona, shara suke yi wa ƙasa ko ba su san sunan sinadari ba.

Ka lura da kusurwar gabas, inda uwargida ta sa waken suya bara? Masarar wurin ta fi ka tsawo. Ko shi mai sammun ne ke jin tsoron Hajiya, kamar yadda wani da na sani yake ji?

Amma don kada ka ce na yi irin taka, kusurwa ɗaya ba ta isa hujja ba. Wataƙila nan shanu suka kwana da rani, kashinsu ne ya yi aikin. Don haka baɗi ka raba gonar biyu, rabi waken suya, rabi masara. Shekarar da ke biye ka sa masara duka, iri ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya, mu ƙirga wuta-wuta kunya-kunya, mu auna buhu. Haka ake yi a cibiyar binciken noma ta Samaru, inda suka fitar da irin SAMMAZ, wasu cikinsu masu jure wannan ciyawa. In ɓangarorin sun zo daidai, na yarda na sha ƙasa, a nemi wani dalilin.

Maƙwabcin nan dai ka je ka gaishe shi, ko ya sam maka iri. Kuɗin shara na bara kuma har yau ban ga ko sisi ba, kuma a wannan da'awar ina da shaidu biyu.